Babu Gaggawa

Nosheen ta daɗe tsaye a gindin matakalar ofishin lauya Chacha Mazhar, wato Baffa Mazhar a harshensu, tana maimaita maganar da ta haddace tun a cikin bas. Ofishin yana saman wani shagon gyaran waya ne a tsakiyar birnin Bradford na ƙasar Turawa, warin soyayyar albasa daga gidan abincin maƙwabta kuwa ya riga ya kama bangon.

Yau ba za ta sha shayi ba. Haka ta yi wa saurayinta Tanvir alkawari.

Tun cikin sanyi Abbu, mahaifinta, ya yanke hukunci a kansu, yana zaune a kujerarsa ta kusa da taga, bai ko ɗago ido daga jarida ba.

"Ban ce yaron mutumin banza ba ne. Amma ba zan ɗauki 'yata mai digiri in kai ta ɗakin haya a saman shagon wanki ba. Ya kawo mini mukullin gidansa na kansa kafin Babbar Sallah. In bai kawo ba, kada a sake yi mini maganarsa."

Kowa a gidan ya san Abbu ya faɗi haka ne don yana ganin direban bas ba zai iya ba. Sai ga shi Tanvir ya daina hutun ƙarshen mako, ya karɓi duk wani zagaye da abokan aikinsa suka ƙi, har banki ya yarda ya ba shi rance. Suka sami wani ɗan gidan dutse a wani layi mai hawa, da bishiyar tuffa a bayansa. Mai gidan, wata tsohuwar Baturiya mai suna Misis Ackroyd, ta amince da tayinsu tun ranar farko.

Abin da ya rage aikin lauya ne. Tanvir ya samo wata matashiyar lauya da abokansa ke yabo, amma Nosheen ta roƙe shi.

"Mu ba Chacha Mazhar. Tare suka taso da Abbu tun a garinsu Mirpur, kafin su zo ƙasar nan. In Abbu ya ji aikin yana hannun amininsa, zuciyarsa za ta yi sanyi."

Tanvir ya dube ta, ya yi murmushi, ya ce yadda ta ga dama.

Yanzu ga Sallah saura mako guda, mukulli kuwa ko ƙamshinsa ba su ji ba.

Ta ja numfashi ta hau.

"Ah, puttar, 'yata, shigo, shigo. Yanzu nake cewa yau wata 'yar albarka za ta zo, ashe ke ce."

Chacha Mazhar ya miƙe da ƙyar daga bayan tebur, tumbinsa na gogar tarin takardu. Kafin ta zauna har ya kunna butar shayi.

"Chacha ji, ba zan daɗe ba, daga makaranta nake, dama na zo ne..."

"Ina Ammi, mamanki? Gwiwar tata ta yi sauƙi? Ki ce mata ta daina hawa bene da kwandon wanki. Shi kuma babanki, wancan tsohon mai taurin kai, har yanzu yana bin ƙwallon kurket yana zagin talabijin?"

"Yana bi, Chacha ji."

"Zai mutu a gaban akwatin nan, ki rubuta ki ajiye."

Ya yi dariya har da tari. Ya miƙo mata kofi da biskit biyu a gefe, ta karɓa da hannu biyu, don ba a mayar wa babba hannu. A can ƙasan tarin da ke kusa da taga ta hango wani koren fayil da sunan Tanvir a gefensa. An ɗora masa tukunyar fure.

"Chacha ji, maganar gidan nan ce."

"Gida, gida. Yana nan, ina zai je? Dutse ne." Ya shafa gemu. "Amsar binciken ƙaramar hukuma ta iso, na gan ta da idona, sai dai in zauna in karanta. Akwai kuma wata tambaya da zan aika wa lauyan tsohuwar a kan katangar baya. Kin ga yarinyar da ke taimaka mini ta tafi haihuwa. Wallahi ko saƙonnin jiya ban buɗe ba."

Maganar da ta haddace tana nan a bakinta. Chacha, Sallah ta zo. Chacha, in ba a yi musayar takardun cinikin gidan a makon nan ba, aurena ya rushe. Ta buɗe baki.

Sai ya cire tabarau ya murza idanunsa da suka yi ja, ya dube ta da fuskar tausayi.

"Ki yi haƙuri da tsohon Chachanki, puttar. Na san na riƙe ku."

A gidansu, in babba ya ba ka haƙuri, amsa ɗaya ce. Tun tana ƙarama take jin ta a bakin Ammi, in baƙo ya makara, in mai gyaran famfo bai zo ba, in Abbu ya manta da saƙo. Harshenta ya riga zuciyarta.

"Babu gaggawa, Chacha ji."

"Allah ya yi miki albarka. Da ma duk masu zuwa nan irinki ne."

Ta shanye shayin, ta gode, ta sauko. Sai da ta kai bakin titi ta ji hawaye na bin kumatunta.

Ba ta iya kiran Tanvir ba. Ta hau bas zuwa layin gidan, don ta ɗan kalli ƙofar ko ta ji sanyi, kamar yadda take yi a ɓoye duk ranar da abin ya dame ta.

Tun daga nesa ta ga kwalaye jere a bakin ƙofa. Misis Ackroyd tana tsaye cikin rigar sanyi mai ruwan toka, tana naɗe kofuna da tsohuwar jarida. Da ta ga Nosheen sai hannunta ya tsaya.

"Ke ce, 'yar nan. Shigo mana, ana yayyafi."

"Har kin fara haɗa kaya? Ai lauyanmu bai..."

Tsohuwar ta ajiye kofin a hankali.

"Ba a gaya miki ba ke nan. Tun jiya lauyana ya aika wa naku."

Nosheen ta dafa bango.

"Na sayar, 'yar nan. Jiya aka yi musayar takardu. Kin san in an yi wannan, ko ni ba ni da ikon janyewa."

"Amma ai kin ba mu. Ke da kanki kika ce wa Tanvir kada ya sare bishiyar."

"Na faɗa, kuma har zuciyata." Ta gyara rigar sanyinta. "Mai gidan da zan koma kusa da 'yata a bakin teku ya gaji da jira, ya ce zai ba wani. Na yi ta tambayar lauyana, me ya tsayar da yaran nan? Ya kira naku ba sau ɗaya ba. Amsar da ake ba shi kullum ita ce, yarinyar da bakinta ta ce babu gaggawa."

Nosheen ta gane kalmomin bakinta ne.

"Sai na ce a raina, to, sun sauya shawara ne, kunya ta hana su faɗa mini. Kin ga ke yarinya ce mai ladabi, na san zai yi miki nauyi."

"Me ya sa ba ki kira ni ba? Kina da lambata."

"Na ɗauki wayar, na ajiye. Na sake ɗauka, na ajiye." Misis Ackroyd ta sunkuyar da kai. "Ban so in takura muku ba."

Suka tsaya suna kallon juna a tsakanin kwalaye, kowacce tana jin kunyar ɗaya.

"Wa ya saya?"

"Wani saurayi ne, ɗan mutanenku, mai shagunan magani. Bai ma nemi rance ba. Ko bayan gidan bai leƙa ba." Ta kama hannun Nosheen, tafinta sanyi ƙalau. "Ki ɗebi tuffa kafin ki tafi. Ba su nuna ba, amma in an dafa da sukari suna da daɗi."

Nosheen ba ta ɗiba ba. Ta san mai shagunan magani guda ɗaya tak da zai sayi gida bai duba ba.

Ta sami Tanvir a babbar tasha, lokacin hutunsa na la'asar. Yana zaune a kan benci cikin rigar aiki, yana cin gurasar roti da ya naɗo a takarda. Da ya hango ta fuskarsa ta washe, ya matsa mata wuri.

"Malama ta iso. Yaya, kin murɗe kunnen tsohon? Ko ya sake sayen ki da biskit?"

Ba ta zauna ba. Ta faɗa masa komai a tsaye, idonta a kan takalmansa. Tun tana magana ya daina tauna. Da ta gama ya naɗe sauran rotin ya ajiye a gefe.

"Babu gaggawa," ya maimaita a hankali. "Ke kika faɗa?"

"Ba haka nake nufi ba, Tanvir. Magana ce kawai da ake yi. Kai ma ka san haka ake cewa."

"Sau nawa?"

Ta kau da kai.

"Nosheen, sau nawa?"

"Duk zuwan da na yi."

Ya jinjina kai, ya kalli motocin da ke shiga da fita.

"Duk ranar da na tambaye ki, sai ki ce kin yi masa magana. Na ce bari in je da kaina, kika ce a'a, zan yi masa tsawa, zai kai ƙarata wurin Abbu. Na ce mu karɓe aikin mu ba wata, kika yi kuka, kika ce abin kunya ne. Ba na gaya miki ba tun farko? Muddin lauyoyi ba su yi musayar takardu ba, gidan ba namu ba ne, ko da tsohuwar ta rantse."

"Ka gaya mini."

"Ina fita aiki gari bai waye ba, in dawo ƙafata a kumbure. Ina tuƙi ina lissafin inda za mu sa gado. Ashe ke kina can kina shan shayi kina cewa babu gaggawa."

"Sa'an mahaifina ne. Yaya zan dubi idonsa in ce ya yi sauri? Bakina ba ya iya wannan, wallahi na gwada. Yau ma na haddace abin da zan faɗa."

"Kika faɗa?"

Kuka ya ƙwace mata. Wata mata mai tura keken jariri ta waiwayo, ta kau da kai da sauri.

Tanvir bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo.

"Ba gidan ne ya fi ƙona mini rai ba. Gida ana samun wani. Abin da nake tambayar kaina shi ne, tunda muka haɗu, kin taɓa ɓata wa wani rai saboda ni? Ko sau ɗaya? Kina tsoron ran Chacha ya ɓaci, kina tsoron na Abbu, kina tsoron na Ammi. Ni kaɗai ne nawa ba ya ba ki tsoro."

"Don na san kai za ka yafe mini."

"Haka ne." Ya yi wani guntun murmushi. "Shi ya sa kullum ni ne a ƙasan tari."

Ya miƙe ya gyara rigarsa.

"Hutun da na tara don mu yi fenti, daga gobe yake farawa. Zan je Glasgow wurin yayata. Yau in na tashi aiki zan wuce."

"Sallah fa? Abbu fa?"

"Me zan kai masa? Gwangwanin fenti? Yana nan a ƙarƙashin gadona, ruwan ƙwai, irin wanda kika zaɓa."

"Tanvir, don Allah."

"Fasinjoji na jira na."

Ya hau motarsa. Ta tsaya har ya ja, tana jiran ya dube ta ta madubi kamar yadda ya saba. Bai duba ba.

Baƙar motar Shahbaz tana ƙofar gidansu lokacin da ta iso. Shahbaz ɗan aminiyar Ammi ne, mai shagunan magani uku, wanda Ammi ta daɗe tana ambaton sunansa a duk hirar da ta shafi aure.

A falo an baza faranti, samosa da alewar madara. Abbu yana kujerarsa. Ammi ta sha sabon mayafi, tana ta zuba shayi.

"Ga ta nan. Zo ki gaida baƙo, puttar. Dubi yadda ruwa ya jiƙa ki."

Shahbaz ya miƙe da ladabi. Ba mummuna ba ne, ba kuma mai girman kai ba, abin da ya sa ƙin sa ke da wuya ke nan.

"Na ji an ce kin je gidan," ya ce. "Na so a ce ni na fara gaya miki. Khala ji, mahaifiyarki, ce ta ce mini kina son gidan ƙwarai, har kina zuwa kallonsa, kuma cinikin ya riga ya mutu. Na ga bai kamata ya faɗa hannun wani ba."

Nosheen ta dubi Ammi. Ammi ta mayar da hankali kan butar shayi.

"Ba na neman amsa yau," Shahbaz ya ci gaba, yana murmushi. "Ki yi tunani a tsanake. Babu gaggawa."

Kalmar ta faɗo mata a ƙirji kamar dutse. Ta tuna da koren fayil da tukunyar fure a kansa. Ta san abin da ya kamata ta yi: ta sunkuyar da kai, ta ce ta gode, ta haye sama.

"Na gode, Shahbaz bhai," ta ce, tana kiransa da kalmar da ake kiran ɗan'uwa. "Amma ba zan zauna a gidan nan da kai ba. Ba sai na yi tunani ba."

"Nosheen," Ammi ta ce da ƙaramar murya. "A gaban baƙo?"

"A gaban baƙo, Ammi. Ki yafe mini."

Ta juya ta durƙusa a gaban kujerar Abbu. Ba ta taɓa yi masa magana irin wannan ba, har ba ta san inda za ta sa idonta ba.

"Abbu ji, Tanvir ya cika sharaɗinka. Ya sami gida, banki ya yarda, mai gida ta yarda. Ni na ɓata. Ni na hana shi lauyar da ya samo, na ce a ba Chacha Mazhar don ka ji daɗi. Ni kuma na kasa ce masa ya yi sauri."

Abbu ya sauke jaridar a hankali.

"Mazhar? Mazhar kuka ba?"

"Amininka ne."

"Aminina ne, shi ya sa na san shi. Mutumin da ya makara ranar ɗaurin aurensa, sai da aka aika a taso shi daga barci?" Ya girgiza kai. "Ni da zan sayi gidan nan, wurin wani Bature na je. Ko laima ba na ba Mazhar ajiya. Me ya hana ki tambaye ni?"

"Ka ce kada a sake yi maka maganarsa."

Shahbaz ya ɗauki mukullin motarsa, ya yi sallama a hankali, Ammi ta bi shi har ƙofa tana ba shi haƙuri.

Abbu ya juya fuskarsa wajen taga.

"Na riga na ce wa mahaifin Shahbaz zan ba shi amsa gobe bayan Juma'a," ya ce. "Ba na mayar da magana, kin sani. Amma tunda ta hannun mutumina abin ya lalace, ba zan ɗora wa yaron duka ba. Ya same ni a masallaci gobe, ya tsaya gabana ya faɗa mini da bakinsa abin da zai yi yanzu. In na ga fuskarsa, zan saurare shi. In ban gan shi ba, na san amsar da zan bayar."

"Abbu ji..."

"Tashi ki cire rigar nan kafin mura ta kama ki."

Da gudu ta hau bene, abin da aka hana ta tun tana yarinya. Ta rufe ƙofa ta kira Tanvir. Wayar ta yi ta ƙara har ta yanke. Ta sake kira. Ta sake. A da, in ta kira sau ɗaya ba a ɗauka ba, ajiyewa take yi, don kada ta dami mutum.

Ta zauna a bakin gado da jiƙaƙƙen mayafinta, tana kallon hasken yamma yana ja baya daga kan rufin maƙwabta. A ƙasa tana jin Ammi na tattara faranti da ƙarfi fiye da kullum.

Wayar ta yi motsi a tafinta.

"Na ga kiranki. Na shiga jirgin ƙasa, zan kashe wayar, kaina na ciwo. Ma yi magana in na dawo bayan Sallah. Babu gaggawa."

Ta karanta, ta sake karantawa. Ba ta san ko da gangan ya rubuta ba, ko shi ma harshensa ne ya riga zuciyarsa.

Ta shiga rubutu. Ta fara da ba shi haƙuri a kan damunsa da ta yi, kamar yadda take fara kowane saƙo a rayuwarta. Sai ta tsaya, ta goge duka. Ta rubuta kalma ɗaya ta aika.

"Akwai."

Ta ƙura wa wayar ido tana jiran alamar cewa saƙon ya isa. Alamar ba ta fito ba.